Dakon zane a birnin New York

A gidan tarihi na Metropolitan da ke kan titin Fifth Avenue akwai wani zane na Jackson Pollock, mai zane ɗan Amurka, mai suna Autumn Rhythm, na shekarar 1950. Faɗinsa ya ɗan haura mita 5, tsayinsa kusan mita 2.7. Babu mutum a ciki, babu itace, babu gida. Baƙin fenti ne da fari da ruwan ƙasa aka tsiyaya suka sarƙe da juna. A ƙasa Pollock ya shimfiɗa yadin, a ɗakin aikinsa da ke Long Island, yana kewaya shi da gwangwani da sanda. A 1957, shekara guda bayan ya mutu a hatsarin mota, gidan tarihin ya saye shi dala 30,000.

Irin waɗannan manyan zane-zane su ne abincina a ƙasar nan. Kamfanin da nake wa aiki jigilar su yake daga wannan gidan tarihi zuwa wancan. A gida kuwa Kawu ya riga ya yanke hukunci: yaro ya tsallaka teku don ya yi dako, dakon ma na tsumman da fenti ya zube a kai. A gaban jama'a ya faɗa, ranar suna, aka kuma kawo mini maganar har yankin Bronx na New York ba a rage ko harafi ba.

To, dakon ga yadda yake. Yadin irin na Pollock ɗanye ne, ba a shafe shi da farin share fage ba, saboda haka maiƙon yatsa yana nutsewa cikin zare, bayan shekaru ya fito ya zama tabo, kuma wanki ba ya fid da shi. Shi ya sa ba a taɓawa sai da safar hannu ta roba, ita ma a jikin katakon da aka ɗame yadin a kai, ba fuskar zanen ba. Fentin kuma irin na shafa wa gida ne, mai sheƙi. Idan ya tsufa yakan yi tauri, ɗan dannawa daga baya kaɗai ya isa ya tsattsage shi kamar saƙar gizo. Zane mai mita 5 iska ma tana kaɗa shi idan aka yi sauri, don haka ana rufe bayansa da allo, a ɗauke shi a tsaye, mutum ɗaya ne ke ba da umarni, sauran bakinsu alaikum.

Babban abokin gaba shi ne bushewar iska. Ana riƙe ɗaki a kusan digiri 21, danshi wajen kashi 50 cikin 100. Da sanyi, idan aka kunna na'urar ɗumama gini, iska takan bushe kamar hunturun Kano mai tsaga diddige. Yadi da katako su motsa, fenti ya ƙi bin su, sai ɓamɓarewa. Akwatin ma idan ya sauka daga mota ba a buɗe shi nan take, sai ya kwana aƙalla awa 24 ya saba da iskar wurin. Haske kuwa ba a so ya wuce lukus 200, wato a ma'aunin ƙarfin haske.

Duk wannan, wa zan yi wa bayani? Abokan kwanana direbobin tasi ne, mutanen unguwar Nima ta Accra da Damagaram, sun dawo a gajiye, hirarsu canjin dala. Mutanen gida kuma kuɗin da ke sauka ƙarshen wata ba su taɓa tambayar warinsu ba. Da su aka yi wa Inna rufin kwano, da su Hadiza ke makarantar koyon jinya, da su aka sayi ragon sunan da Kawu ya zauna ya ci yana yi mini dariya. Inna ita babu ruwanta da zane, tambayarta kullum ko ina samun tuwo, da kuma yaushe zan zo a yi maganar aure. Yanzu ma ɗan Kawun ne ya dame ni da saƙon murya a WhatsApp, wai in nema masa gurbi a wurin aikinmu. Na ce masa ya fara tambayar babansa ko ya yarda.