Fentin motar 'yan sanda: daga Akron zuwa hanyar Alkaleri

Duk direban da ya saba bin hanyar Bauchi zuwa Gombe da daddare ya san fargabar hango a-kori-kura a gefen kwalta bayan an wuce Alkaleri. Kafin fitila ta kai ga rubutun jikinta, ba ya iya tantance ko 'yan sintiri ne ko wasu ne daban. Aikin fentin motar 'yan sanda ke nan: a gan ta tun daga nesa, a kuma gane ta waye ce kafin a iso.

Motar 'yan sanda ta farko a Amurka ta fito ne a garin Akron na jihar Ohayo a 1899. Da batir take tafiya, gudunta bai wuce kilomita 26 a awa ba, kuma bayan kamar kilomita 48 sai an sake cajinta. Abin da ya mayar da irinta motar sintiri ta gaske shi ne rediyo. A 1928 birnin Ditiroit ya fara aika saƙo zuwa motocinsa, sai dai na cikin mota ji kawai suke, ba sa iya mayar da amsa. A 1933 aka samu mai kai da kawowa a Bayon ta jihar Niyu Jasi. Daga nan ɗan sanda ya bar tsayuwa a kwana ya koma zagaye unguwa, dole jama'a su san motarsa.

A farkon zamani yawancin motoci baƙaƙe ne, don haka hanya mafi araha ita ce a yi wa ƙofofi da rufi farin fenti. Baƙi da farin nan ne Los Anjalas ke kai har yau, Japan ma ta mayar da shi tsarin ƙasa baki ɗaya a 1955. Niyu Yok ta daɗe da kore da baƙi da fari, a 1973 ta koma shuɗi da fari, daga baya kuma fari mai ratsin shuɗi. Jamus ta bar kore ta koma shuɗi bayan shekarar 2000, ta kuma riƙa sayen motoci masu ruwan azurfa ana manna musu leda mai launi, don in an gama aiki da mota a ɓare ledar a sayar da ita da daraja.

A ganina Birtaniya ce ta fi kowa zurfafa tunani. A tsakiyar shekarun 1990 aka ba masu bincikenta aiki ɗaya: motar da ke tsaye a babbar hanya a gan ta daga mita 500, da rana ko a hasken fitila. Suka fito da manyan murabba'ai na ruwan ɗorawa da shuɗi a jere biyu, kowanne kusan santimita 60 a tsawo da 30 a tsaye. Ruwan ɗorawar mai ƙyalli ne, shi ke aiki da rana da almuru, shuɗin kuma shi ke cewa 'yan sanda ne. An yi su manya ne domin ƙananan zane daga nesa cakuɗewa suke yi su zama toka-toka. Bayan motar kuwa ratsin ja da ruwan ɗorawa ake sa wa.

Launukan rundunar 'yan sandan Najeriya shuɗi ne da ruwan ɗorawa da kore, yawanci siririn ratsi a jikin Hilux mai duhun fenti. Da rana ba laifi. Da dare kuwa, ko lokacin da hazon hunturu ya sauko, mota mai duhu ɓacewa take yi, ratsin da bai kai faɗin tafin hannu ba kuma ba ya ceton kowa. Ga zafin Maris da Afrilu, wanda kan haura digiri 40 a Gombe, baƙin rufi na dafa na ciki.

Ingancin aikin daga garejin mai fenti yake farawa. Bayan fanabita ya gama, a goge foti, wato abin cike lotsawar bodi, da sanfefa lamba 80, a bi da 180, a fesa firaima, a sake gogewa da 320 zuwa 400. Fentin launi hawa biyu ko uku, da hutun minti 10 zuwa 15 a tsakani, sannan na ƙyalli a sama. Yawancin na ƙyallin kashi biyu ne da kashi ɗaya na hadna, wato sinadarin da ke sa shi ya yi tauri, amma abin da ke rubuce a gwangwani shi za a bi. Mai tsuga tina don fenti ya yi auki, shi ne aikinsa ke dushewa kafin damina ta zagayo. A riƙa zubar da ruwan da ke taruwa a tankin kwamfiresa kullum, in ba haka ba ƙuraje za su fito a bodi. A hunturu a yayyafa ruwa a ƙasan gareji kafin feshi saboda ƙura.

Wurin manna sitika mai mayar da haske aka fi yin ɓarna. Sabon fentin da ba a gasa ba yana ci gaba da fitar da tiririn tina, in aka rufe shi da wuri sai sitikar ta kumbura. A ba shi lokaci ya gama bushewa sarai. A wanke, a goge da sifirit, a manna a inuwa bodi na da sanyi, ana turawa da roba daga tsakiya zuwa gefe. Mai ƙarfin hasken ba ta miƙewa, saboda haka a yanka ta a kowace mahaɗar ƙofa, a zagaye kusurwoyinta don kada su ɗago. Masu wankin mota da injin matsi su daina kai bakinsa gefen sitika. Kuma ba kowace leda mai sheƙi ce ke mayar da haske ba: tun a shago a riƙe tocila kusa da ido a haska ta daga nesa a cikin duhu.

Ruwan ɗorawa mai ƙyalli shi rana ke fara cinyewa, don haka duk gwamnati ko ɗan kasuwar da zai ba 'yan sanda kyautar mota ya sa kuɗin sabunta sitika a lissafi. Ya kuma rubuta lambar motar da manyan baƙi a ƙofofi da baya, yadda mai Keke Napep a Wunti ko fasinja a Tashar Dukku zai iya karantawa yana wucewa.