Sau Biyu Na Zalunci 'Yan Matan Jamaika da Bakina

Ƙannena masu sha'awar sharhin wasanni, ko a rediyo kuke yi, ko a Facebook, ko a majalisar bakin titi, ina so in ba ku labarin wata ƙungiya da na yi wa rashin adalci har sau biyu. Na farko na raina ta, na biyu na yabe ta yabon da ya cutar. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ce ta matan ƙasar Jamaika, wadda ake yi wa laƙabi da Reggae Girlz. Ba su san ni ba, kuma abin da na faɗa ba zai taɓa kai musu ba. Amma mutanen da ke sauraro na sun ji, wasu sun ɗauka, kuma magana zarar bunu ce.

A watan Yunin 2019 ina gabatar da shirin wasanni a wani gidan rediyo, ana kuma gasar kofin duniya ta mata a Faransa. Hankalinmu duk yana kan Super Falcons, sauran ƙasashe sai dai mu karanto sakamako mu wuce. Har yanzu ina ganin takardar da ke gabana ranar, bayan wata tsohuwar takardar talla ce na rubuta da jan biro: Burazil 3, Jamaika 0. Italiya 5, Jamaika 0. Ostareliya 4, Jamaika 1. Na haɗa lissafi, ƙwallo goma sha biyu aka zura musu, su ɗaya tal. Da jar fitila ta kama, na matso kusa da makirfo na ce waɗannan yawon buɗe ido suka je Faransa, gara su koma gudun mita ɗari inda Allah ya yi wa ƙasarsu baiwa, su bar tamaula ga masu ita. Abokin aikina ya yi dariya, masu bugo waya suka ɗora daga inda na tsaya.

Ban kalli ko minti ɗaya na wasanninsu ba kafin in yanke wannan hukunci. Da na kalla, da na ga mai tsaron ragarsu Sydney Schneider, yarinya 'yar shekara 19, ta tare bugun fenareti a wasan Burazil. Da na ga Havana Solaun ta shigo bayan hutun rabin lokaci ta ci wa ƙasarta ƙwallon farko a tarihin gasar, a ranar da Sam Kerr ta Ostareliya ita kaɗai ta zura musu huɗu. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya sassauta harshe.

Abin da ya farkar da ni ya zo bayan wata uku. A Satumbar shekarar, labari ya fito cewa 'yan wasan sun ce ba za su ƙara taka leda ba sai an biya su haƙƙinsu. Na yi mamaki: an je kofin duniya an dawo, kuma ba a biya ba? Na zauna na bi tarihinsu daga farko, abin da ya kamata in yi tun kafin in buɗe baki.

Jamaika tsibiri ne a tekun Karibiyan, mutanensa ba su kai miliyan uku ba. Matan ƙasar sun buga wasansu na farko a 1991 da Haiti, aka ci su ɗaya da nema. Suka ci gaba da lallaɓawa, ba kuɗi, ba kulawa, har zuwa 2008 da suka kasa tsallake wasannin neman gurbin Olamfik. Daga nan aka naɗe tabarmar ƙungiyar, aka ce babu kuɗi. Ta maza kuwa ta ci gaba da wasanninta. Sai da aka yi kusan shekara shida babu babbar ƙungiyar mata a ƙasar, har sunansu ya fita daga jadawalin FIFA saboda ba sa wasa.

Ku tsaya ku auna shekara shida a rayuwar 'yar ƙwallo. Wadda take da shekara ashirin a 2008, ƙafarta na kan ganiya, kafin a dawo ta kai ashirin da shida, ta kama wata sana'a ko ta yi iyali. Ƙannenta da ke tasowa ba su da wadda za su kalla su ce ina so in zama kamar wance. Ƙungiyar da na yi wa ba'a a 2019 shekara biyar kacal da farfaɗowarta, ana haɗa ta da Burazil wadda ba a taɓa yin kofin duniya na mata ba tare da ita ba.

Farfaɗowar ma ba daga ofis ta zo ba. A 2014, Cedella Marley, 'yar marigayi mawaƙin nan Bob Marley, tana zaune a Amurka, ɗanta Skip ya dawo gida da wata takardar neman taimako da kocinsa ya ba shi. Ta karanta, ta ga 'yan matan ƙasarta ke neman agaji. Ta shiga da ƙarfinta, ita da 'yan'uwanta suka fitar da waƙa don tara kuɗi, ta buɗe asusun neman gudummawa a intanet, ta bi masu hannu da shuni. A wannan shekarar suka kai wasan ƙarshe na kofin Karibiyan, Trinidad da Tobago ta doke su da ci ɗaya. A 2016 aka sake rufe ƙungiyar, ta sake tasowa. Kocinsu Hue Menzies aikin sa kai ya riƙa yi, ba albashi.

Sai ranar 17 ga Oktoba, 2018, a garin Frisco na jihar Texas. Wasan neman matsayi na uku ne da Panama, wanda ya ci ya sami tikitin Faransa kai tsaye. Khadija Shaw ta ci, Jody Brown 'yar shekara 16 ta ci, aka tashi biyu da biyu har bayan ƙarin lokaci. Daf da tashi koci ya canza mai tsaron raga, ya sako Nicole McClure musamman don bugun fenareti. Ta tare biyu. Dominique Bond-Flasza ta buga na ƙarshe ya shiga, aka tashi huɗu da biyu. A ranar Jamaika ta zama ƙasa ta farko a duk yankin Karibiyan da ta sami gurbi a kofin duniya na mata. Waɗannan ne na kira 'yan yawon buɗe ido.

Don haka idan za ku yi sharhi, kada ku tsaya a kan lambobin da ke allo. Lamba tana gaya maka yadda aka tashi ne kawai, ba ta gaya maka daga inda kowa ya taso. Kafin ku ce ƙungiya ba ta iya ba, ku tambaya: yaushe aka kafa ta, wasan sada zumunta nawa ta buga kafin gasa, kwana nawa ta yi a sansani, akwai gasar cikin gida a ƙasar ko babu? Rabin awa ya ishe ku gano wannan a waya. Kuma wasan da ba ku kalla ba, ku ce wa masu sauraro sakamako kawai kuka gani. Ba abin kunya ba ne.

Akwai wani abu da na ƙara rainawa a lokacin, wato yawan 'yan wasansu da aka haifa a waje. Na ce 'yan haya ne. Wannan ma jahilci ne. Dokar FIFA ta ba mutum damar buga wa ƙasar iyayensa ko kakanninsa, kuma Jamaikawa sun daɗe da bazuwa a Ingila da Amurka da Kanada. Ƙasar da ta bar 'yan matanta shekaru babu ƙungiya, ina za ta samo ƙwararru in ba cikin 'ya'yanta na ƙetare da jami'o'in Amurka ba? Ita kanta Khadija Shaw, wadda ake kira Bunny, haifaffiyar Spanish Town ce, a titin unguwa ta koyi ƙwallo cikin maza, amma sai da ta je karatu Amurka har Jami'ar Tennessee, sannan Bordeaux a Faransa, sannan Manchester City a 2021. Ta rasa 'yan'uwanta maza uku a rikicin 'yan daba, na huɗu a haɗarin mota. Yau babu wanda ya kai ta ci wa Jamaika ƙwallaye, mace ko namiji.

Kuskurena na biyu ya fi na farko wuyar ganewa, shi ya sa na fi jiye muku tsoronsa.

Da 2023 ta zo, na riga na zama masoyinsu. Na san sun sami gurbi a Monterrey a 2022 bayan sun doke mai masaukin baƙi Meziko da ci ɗaya, sun lallasa Haiti huɗu da nema. Na san a watan Yuni, ana saura 'yan makonni a fara gasa a Ostareliya da New Zealand, 'yan wasan sun fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa suna kuka da rashin tsari da rashin biyan haƙƙi, kuma mahaifiyar Havana Solaun ta buɗe asusun neman taimako a intanet don a tallafa musu. Wasanninsu duka na kalla a wannan karon. Suka riƙe Faransa babu ci a Sydney, aka ba Shaw jan kati daf da tashi. Ba tare da ita ba suka doke Panama a Perth, Allyson Swaby ta sa kai a bugun kusurwa, nasararsu ta farko a kofin duniya. Ranar 2 ga Agusta, da hantsi a agogonmu, suka tsaya wa Burazil a Melbourne. Minti casa'in ana yi musu ruwan hare-hare, Rebecca Spencer tana tsaye a raga kamar an dasa ta. Aka tashi canjaras, Jamaika ta haye zagaye na biyu, Burazil ta koma gida, tauraruwarta Marta ta yi ban kwana da kofin duniya a wannan filin. Wasa uku, ko ƙwallo ɗaya ba ta shiga ragar Jamaika ba. Mazansu da suka je Faransa a 1998 ba su wuce rukuni ba.

Daɗi ya kwashe ni. Na shiga shiri na ce ku duba ikon Allah, 'yan matan da sai da aka yi musu bara suka zo, ga su sun kori Burazil. Na ce wannan ya nuna kuɗi ba shi ne ƙwallo ba, zuciya ce, kuma wahala ita ke gasa ɗan wasa. Na ji daɗin kalaman nan ƙwarai, ina ganin na biya bashin 2019.

Bayan an tashi daga shiri aka ce ana nemana a waya. Wata malama ce da ke koyar da wasannin motsa jiki a wata makarantar 'yan mata. Muka gaisa, ta ce, "Malam, na ji shirinka. Ka san gobe idan na je neman kuɗin ƙwallo da takalma wa yarana, da maganarka za a amsa mini? Za a ce ai 'yan Jamaika ma da ba su da komai sun yi." Na fara kame-kame, ta ce, "Don Allah Malam, ka tuna Falcons ɗinmu a 2016, sun ɗauko kofin Afirka amma sai da suka yi zaman dirshan a otal a Abuja kan alawus. Wannan abin alfahari ne ko abin kunya?"

Na yi shiru, domin gaskiya ta faɗa, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na ɗauki cutar da aka yi wa mutane na mayar da ita ado. Na wanke waɗanda ya kamata a tuhuma ba tare da na ambace su ba. Kuma maganata ma ba daidai ba ce ko a ma'aunin ƙwallo. Yunwa ba ta tare ƙwallo. Abin da ya hana Faransa da Burazil ci shi ne tsarin tsaron baya da koci Lorne Donaldson ya shimfiɗa, da 'yan wasan da ƙungiyoyin Ingila da Faransa da Amurka suka horar, inda ake biyansu albashi, akwai likita, akwai fili mai kyau. Kuɗi ya yi aiki, sai dai ba na gida ba ne. Kwana shida bayan haka Kolombiya ta fitar da su da ƙwallo ɗaya da Catalina Usme ta ci, kuma har yau ina tambayar kaina inda za su kai da sun sami shiri irin na takwarorinsu.

Ku kiyayi labari mai daɗin baki, ƙannena. Labarin talaka da ya kayar da mai kuɗi yana jawo masu sauraro, yana tara sharhi a ƙarƙashin rubutu, kuma mai ba da shi yana jin kansa mutumin kirki. Ku yabi wadda ta yi ƙoƙari, ta cancanta. Amma a numfashi guda ku faɗi wanda ya kamata ya biya bai biya ba, da nawa ne, da tun yaushe. Kuma kada ku saki labari ranar da aka busa tashi, domin bayan an kashe fitilun fili ne ake sanin gaskiyar yadda ake riƙe ƙungiya.

Na Jamaika bai ƙare a Melbourne ba. FIFA ta ware dala 60,000 ga kowace 'yar wasa da ƙasarta ta kai zagaye na biyu. A watan Satumba ba a sabunta kwantiragin Donaldson ba. A Oktoba, 'yan wasan da suka je kofin duniya suka sanar cewa ba za su buga wasannin neman gurbi da Panama da Guatemala ba, suna cewa ba a cika musu kuɗinsu ba kuma ba a mutunta su. A Janairun 2024 Cedella Marley ta ajiye muƙaminta na jakadiyar ƙungiyar, bayan kusan shekara goma.

Waɗannan labarai ba su da armashin korar Burazil, kuma da yawa daga cikinmu ba su ɗauke su ba. Ni na ba su lokaci a shirina ɗaya bayan ɗaya, da ranakunsu da adadinsu. A makon da Cedella ta sauka na gayyaci malamar nan ɗakin shiri. Ta zo da ɗalibanta biyu cikin hijabi da wandon wasa, ɗaya tana rungume da ƙwallon da aka ɗinke da zare a wuri uku. Na tura musu makirfo, na ce su faɗi abin da suke buƙata da bakinsu. Ƙaramar ta ce takalma ƙafa goma sha ɗaya, da raga, da izinin shiga fili ranar Asabar da safe kafin maza su zo.