Sukarin da ake sha ba ya ƙosar da ciki

Duk wanda ya ce mini lemon kwalba ruwa ne kawai da ɗan zaƙi, sai in ce ya juya kwalbar ya karanta ƙananan rubutun da ke bayanta. Coca-Cola tana ɗauke da kimanin giram 10.6 na sukari a kowane mililita 100. Gwangwani mai mililita 330 ya tashi giram 35 ke nan, kwalbar roba mai rabin lita kuwa giram 53. Cokalin shayi ɗaya yana cin kusan giram 4. Na taɓa ɗauko busasshen kofin gilashi na riƙa zuba sukari cokali-cokali har kusan tara, na ajiye shi kusa da gwangwanin ina kallo. Babu mai hankalin da zai juye wannan tulin a shayinsa. Amma sanyi da gas da ɗan tsamin da ke cikin lemon sun danne zaƙin, shi ya sa yake wucewa maƙogwaro salin alin.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha, haɗe da na zuma da na ruwan 'ya'yan itace, ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a wuni. Ga babba, wajen giram 50 ke nan. Ta ƙara da cewa in an sauko ƙasa da giram 25 ya fi. To kwalbar rabin lita guda ɗaya ta riga ta tsallake iyakar farko, ba a ma taɓa abinci ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ciki ba ya lissafa wannan sukarin. In ka ci abu mai tauri, tauna da nauyin abincin suna sanar da ƙwaƙwalwa cewa an ci. Abin da aka kwankwaɗa kuwa ba ya daɗewa a ciki, mutum ya sha lemo ya kuma cinye farantinsa tas kamar bai sha komai ba. Ƙari ne a kan abinci, kullum, ba tare da an ji shi ba. Daga nan ƙiba ke sallama.

Sukarin nan gida biyu ne, gulukos da furuktos. Gulukos yana shiga jini da sauri, jiki ya yi ta sakin insulin don ya kwashe shi. Furuktos kuma hanta ce ke ɗaukar yawancin nauyinsa, in ya yi mata yawa sai ta mayar da wani sashe kitse, ta tara a jikinta. Masu bincike a Jami'ar Harvard sun haɗa sakamakon nazarce-nazarce da dama a 2010, suka gano cewa masu shan irin waɗannan lemuka sau ɗaya zuwa biyu a wuni haɗarin kamuwarsu da ciwon sukari nau'i na 2 ya ɗara na waɗanda ba kasafai suke sha ba da kashi 26 cikin 100.

Sai haƙora, waɗanda su ne ke fara karɓar duka. A ma'aunin tsami na pH, inda ƙaramar lamba ke nufin tsami mai yawa, lemo baƙi yana wajen 2.5, saboda fosforik asid da ake sa masa, alhali farin ɓawon haƙori yana fara zaizayewa da zarar an sauko ƙasa da 5.5. Ƙwayoyin cutar da ke baki kuma suna cin sukarin su fitar da nasu tsamin. Wata likitar haƙori ta faɗa mini abin da ban manta ba: wanda ya ajiye kwalba a kan tebur yana kurɓa kaɗan-kaɗan tun hantsi har la'asar ya fi cutar da haƙoransa a kan wanda ya shanye ta lokaci guda, domin bai bar yawu ya samu sarari ya wanke bakin ba. Ta kuma ce kada a goge baki nan take bayan an sha, a kurkure da ruwa, a jira kamar rabin awa.

Ƙanena ya zo mini da murna wai ya daina. "Yaya, yanzu jus kawai nake sha, na 'ya'yan itace zalla." Na ce madalla, amma duba bayan kwalin. Sukarin da ke cikin ruwan 'ya'yan itace da aka matse kusan kunnen doki yake yi da na lemon kwalba, kuma ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya a layi ɗaya ta sa su. In ka ci ɗan itacen da kansa, da tsokarsa da zarensa, sukarin a hankali yake shiga jini, ka kuma ƙoshi.

Masu ɗauke da tambarin "babu sukari" fa? Sun rage wannan matsalar, ban musa ba, sai dai tsamin da ke cin haƙori yana nan, harshe kuma bai rabu da neman zaƙi ba. A 2023 hukumar ta ce kada a dogara da sinadaran zaƙin da ake sa musu a madadin sukari wajen rage ƙiba. Ni ina ɗaukarsu matakala ce ga mai son sauka.

Abin da na lura da shi a kaina, yawanci sanyi da gas nake nema, ba zaƙin ba. Ruwa mai sanyi sosai yana kashe rabin kwaɗayin. Sauran rabin, ruwa mai gas da ba a sa masa komai ba, a matsa masa lemon tsami kaɗan, ya wadatar. Da safe shayi ko kofi, na riƙa rage cokalin sukari sannu a hankali har harshe ya saba. Madarar da ba a ƙara wa sukari ba ta fi dacewa da yara. Lemon kwalba ina sha jefi-jefi, ƙaramin gwangwani, tare da abinci, kuma ba na ajiye shi a firij ɗin gida.