In an rufe ajin karatu a gidan yari, wa ke biya?

Duk sanda gwamnati ta ce za ta tsuke bakin aljihu, in aka zo kan gidan yari ba katanga ake ragewa ba, ba kwaɗo da makulli ba, abin da ake fara zaftarewa shi ne ajin karatu da wajen koyon sana'a da masu kula da 'yan shaye-shaye. Dalilin kuwa a fili yake, fursuna ba shi da bakin magana, babu mai fitowa zanga-zanga don an rufe ajin kafinta a kurkuku, ɗan siyasa ma ya san ko ƙuri'a ɗaya ba zai rasa ba.

Wallahi abin nan yana ci min rai, saboda mutanen nan fa yawancinsu fitowa za su yi. Wa'adi na ƙarewa za a buɗe ƙofa a ce tafi. To ya tafi ina? Ba sana'a, ba takarda, jarabar ƙwayar da ta kai shi tana nan yadda take, ga tabon ɗauri wanda duk mai ɗaukar aiki in ya ji sai ya ja baya, ga shi ya shafe shekaru cikin waɗanda suka fi shi iya ɓarna yana ɗaukar darasi kyauta.

Amurka ta gwada wannan hanyar ai. A 1994 Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ta hana fursunoni tallafin karatu na Pell, wato kuɗin da gwamnatin tarayya ke ba ɗaliban jami'a marasa ƙarfi, cikin 'yan shekaru shirye-shiryen karatun jami'a ɗaruruwa da ke gidajen yari suka mutu, sai 'yan ƙalilan suka tsira. Hukumar ƙididdiga ta ma'aikatar shari'arsu ta bi sawun waɗanda aka saki a 2005 a jihohi 30, kashi 68 cikin 100 an sake kama su cikin shekara 3, a shekara 9 kuwa abin ya kai kashi 83. Sannan a 2013 cibiyar bincike ta RAND ta fitar da binciken da ya nuna wanda ya yi karatu a ciki yiwuwar komawarsa ta ragu da kashi 43, kuma duk dala 1 da aka kashe kan karatun tana hana asarar dala 4 zuwa 5 na sake tsare mutum. Sai a 2023 tallafin Pell ga fursunoni ya dawo aiki, kusan shekara 30 kenan an yi asara.

Wani abin da mutane ba sa lura da shi, ba sai an soke shiri a takarda ba ake kashe shi. A Ingila bayan 2010 an rage gandirobobi sosai, to fursuna ba ya zuwa aji shi kaɗai, sai gandiroba ya buɗe masa ya raka shi, in babu mai rakiya malami na zaune a aji shi kuma yana kulle a ɗaki awa 22 ko fiye. A rahoto dai shirin na nan da ransa.

Na san masu cewa mai laifi bai cancanci a kashe masa kuɗin talaka ba, kuma ban ga laifinsu ba, musamman wanda aka taɓa yi wa fashi ko aka kashe masa ɗan'uwa, wannan zafin gaskiya ne. Amma kuɗin nan ba tsira yake ba, za a kashe shi wajen ɗan sanda da alƙali da ciyar da mutumin in ya dawo karo na biyu da na uku, kuma kafin ya dawo ɗin sai ya cuci wani tukuna, wanda shi ba ya cikin lissafin kasafin kuɗin kowa.