Abin da aiki a kan rigingimun ruwa da kiwo ya koya mini game da Tafkin Chadi

Kusan duk taron da aka kira a kan Tafkin Chadi da hoto iri ɗaya ake buɗe shi. Ga tafkin a shekarun 1960 da faɗin kusan murabba'in kilomita 25,000, ga shi kuma a tsakiyar shekarun 1980 ya ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari. Sai mai jawabi ya ce ruwa ya ƙafe, talauci ya shigo, matasa suka ɗauki bindiga. Farin 1973 da na 1984 sun yi ɓarna, babu mai musu. Amma aikin tattara bayanan rigingimun manoma da makiyaya da masunta ya nuna mini cewa labarin bai tafi a miƙe haka ba, kuma gajarta shi na cutar da mutanen da ake cewa za a taimaka.

Tafkin ba ci gaba da ƙafewa yake yi ba. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna ruwan ya ɗan farfaɗo tun daga shekarun 1990, musamman ta kudu, inda kogin Shari da na Logon ke kawo mafi yawansa. Abin da ya rikice shi ne lokaci. Damina ta makara, ko ta sauka da ƙarfi ta ɗauke ana tsakiyar shuka, ko ruwan wata guda ya zuba cikin kwana kaɗan. Wanda ya ga Maiduguri a watan Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ya san sauyin yanayi a wannan yanki ba fari kaɗai ba ne.

Mutumin bakin tafki tun asali ba sana'a ɗaya yake yi ba. Ruwa ya cika, ya shiga kwalekwale ya yi su. Ruwa ya ja, ya shuka masara da wake a damshin da aka bar masa. An yi girbi, dabbobi su shigo su ci karmami su bar taki. Ja da bayan da tafkin ya yi ma mutane ya jawo, ciki har da Hausawa masu yawa da suka je su da fataucin banda a Baga. Wasu sun bi ruwan har Darak suka kafa garuruwa, sai a 2002 Kotun Duniya ta yanke hukuncin cewa wurin na Kamaru ne. Mutanen nan sun iya zama da ruwa mai zuwa yana komawa, muddin an bar musu hanyar binsa.

Hanyar ce aka toshe, kuma a nan na fi daɗewa ina tunani. A 2015, bayan hare-haren Boko Haram, gwamnatin Nijar ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar Diffa. Aka hana hawa babur, aka hana cinikin kifi da tattasai saboda zargin 'yan ta'adda na samun kuɗi da su, aka kwashe mutane daga tsibirai. Dalilin tsaro ne, na fahimta. Sai dai tattasan bakin kogin Komadugu shi ne arzikin Diffa, kifi kuma shi ne rayuwar tsibiran. Manomin da damina ta yaudare shi, da can kamun kifi zai koma. Sai ga shi an hana shi. A ɓangaren Najeriya ma kasuwar kifin Baga ta daɗe a rufe. Ana cikin haka ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga Boko Haram, ta shiga tana ba masunta da makiyaya izinin shiga ruwa da wuraren kiwo tana karɓar haraji. Magidancin da ya biya ba lallai akidarsu yake so ba, iyalinsa ne za su kwana da yunwa.

Rikicin Logon-Birni a arewacin Kamaru, a watan Agusta da Disambar 2021, ya fi kowanne kama da abin da ake faɗi a taro. Masunta 'yan ƙabilar Musgum sun haƙa manyan ramuka don tare ruwa da kifi, shanun Larabawan Shuwa suna zuwa sha suna faɗawa ciki. Faɗa ya tashi ya kai har Kusiri, aka ƙona ƙauyuka, dubun dubatar mutane suka tsallaka zuwa Chadi. Ƙarancin ruwa ne ya sa aka haƙa ramukan. Amma tsakanin saniya ta faɗa rami da ƙona gari akwai tazara, kuma a cikinta ya kamata a sami mai gari ko alƙalin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi. Inda na ga an sami irin wannan mutumin, akan biya diyyar ɓarna a watse. Inda ake zargin yana karɓar na goro daga mai shanu ko mai gona, kowa adda yake wasawa.

Shi ya sa nake jin nauyi idan jami'i ya ɗora komai a kan yanayi. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ambaci sauyin yanayi a ƙudurinsa mai lamba 2349 na 2017 a kan yankin tafkin, kuma a Disambar 2021 Nijar da Ayalan sun gabatar da wani daftari a kan alaƙar sauyin yanayi da tsaro, wanda Rasha ta hau wa kujerar na-ƙi. Ƙoƙarin Nijar abin yabo ne. To amma ba zafin rana ne ya nome burtali ba, ba shi ya sayar da filin da dokar gandun kiwo ta 1965 ta keɓe a Arewacin Najeriya ba. Dausayin Hadeja da Nguru ma, madatsar Tiga da ta Challawa na cikin abin da ya canza masa ambaliya, kachala ta toshe magudanai.

Yanzu idan na isa gari, kafin in nemi alƙaluman ruwan sama nakan tambayi wa ke da iko da mashaya, da kuma yaushe ake sakin gonaki. A Nijar hukuma ce ke tsayar da ranar da makiyaya za su iya shiga gonaki bayan girbi. Idan ciyawa ta ƙare da wuri a arewa, garke zai gangaro tun dawa da wake na tsaye, ranar da aka sa kuwa ba ta zo ba. Inda kwamitin filaye ya zauna da sarkin noma da arɗo, aka duba yadda daminar bana ta kasance kafin a sa rana, aka kuma buɗe wa garken da ya riga ya iso wurin jira mai ruwa, ƙarar ɓarnar da ke kai wa ga hakimi a kakar nan takan ragu sosai.