Maganin "ko da wani abu"

Shekara tara ke nan ina kiwon kaji a hanyar Shika, kusa da Zariya, na ƙwai da na nama. Da na fara, abin da na tarar ana yi shi na bi. 'Yan tsaki na sauka daga mota, tun ba su gane inda abinci yake ba, an kaɗa musu garin oxytetracycline, maganin kashe ƙwayoyin cuta, a ruwan sha. Lafiyarsu ƙalau, amma a ba su dai, ko da wani abu. Mai shagon magani ba ya tambayar takardar likita, ni ma ban taɓa tunanin nemanta ba.

Wata damina zawo ya shiga kajin nama. Na ba da garin nan, shiru. Na koma enrofloxacin, shiru. Kullum da asuba ni da yaron aikina sai mu tsinci matattu a gindin mazubin ruwa, fukafukai a sake. Da abin ya ishe ni, na sa uku a leda na kai wa likitan dabbobi a Samaru.

Bayan kwana uku ya nuna mini wani ɗan faranti. Ya shuka ƙwayar cutar bakteriya mai suna E. coli da ya ciro daga hantar kazar, ya jera ƙananan takardu masu magani a kai. Inda magani ke ci, sai ka ga fili fes kewaye da takardar. Biyu kawai suka yi filin. Sauran kuwa ƙwayar ta mamaye su har baki.

"Alhaji, ai kai ka horar da su," in ji shi.

Ya ce dabarar ƙin jin magani tana cikin ƙwayar gado ne, sau da yawa a kan wani ɗan zobe da ake kira filasmid, kuma bakteriya kan miƙa wa juna zoben nan kamar yadda maƙwabta ke miƙa garwashi ta katanga. E. coli na iya ba wa wata bakteriyar daban, kamar Salmonella. A 2015 aka gano irin wannan, mcr-1, a aladun ƙasar Sin, aka kuma same shi a ɗanyen nama da jikin majinyata. Colistin yake karyawa, maganin da asibiti ke ajiyewa sai an rasa mafita. Colistin ɗin nan fa ni na sha saye wa kaji a 'yar leda. Enrofloxacin kuma ɗan'uwan ciprofloxacin ne da ake rubuta wa mai taifot.

Hankalina bai tashi ba sai da na tuna kashin kaji. Buhu-buhu nake sayar wa masu lambu a bakin kogin Galma, su zuba wa latas da kabeji, mu saya mu yanka ɗanye a kan shinkafa da wake.

Tarayyar Turai tun 2006 ta hana sa irin magungunan nan a abincin dabbobi don ƙara ƙiba. Ni dai gyarana bai wuce ƙarfina ba: riga-kafin cututtukan kaji na Gumboro da Newcastle a kan lokaci, ruwan tsoma ƙafa a ƙofar kowane ɗaki, kashi kuma sai ya ruɓe a tsibi ya yi zafi kafin ya fita. Magani kuma sai likita ya yi gwajin farantin nan tukuna.

Mai ciwon shi ne kwanakin jira. Idan kajin ƙwai suka sha magani, ƙwan kwanakin da likita ya ƙayyade ba na sayarwa. Watan jiya kiret goma sha ɗaya na binne. Wani dillalina daga kasuwar Sabon Gari yana tsaye yana kallo, ya ce in ba shi rabin kuɗi, wa zai sani? Na ce ya dawo ran Laraba.