Kwana Biyu a Altuna Muna Jiran Kan Jirgi Mai Tsohon Fenti

Mako guda ke nan da dawowata daga Amurka, kuma duk wanda ya zo yi mini barka da zuwa sai ya tambaye ni labarin dogayen benayen Niyok, ni kuwa abin da bakina yake komawa kai shi ne wani kan jirgin ƙasa da na yini ina jira a gefen dutse. Ɗan yayata da ke zaune a Filadelfiya ne ya jawo abin. Ya san mahaifina ma'aikacin reluwe ne a Zariya, ya san a gidajen reluwe na tashi, don haka ya ce, "Kawu, ba za ka koma gida ba sai na kai ka inda mahaukatan jirgi suke taruwa." Muka hau jirgin fasinja na Amtrak da rana tsaka, muka sauka a garin Altuna da ke jihar Fensilbaniya da yamma lis.

Altuna gari ne da layin dogo ya haifa, domin kamfanin Pennsylvania Railroad ne ya kafa shi a 1849, kuma har yau babban garejin gyaran kawunan jirgi na Juniata yana nan yana aiki. Masaukin da muka fara zuwa bai yi mana daɗi ba. Mai karɓar baƙi ya dubi hulata, ya juya fasfona gaba da baya kamar mai duba jabun kuɗi, sannan ya ce sai mun ajiye kuɗin jingina da ya kusa kai kuɗin ɗakin, ko sannu da zuwa bai ce mana ba. A Kano ko mai shayi ya fi shi sanin darajar baƙo. Muka ɗauki jakunkunanmu muka nemi wani wuri.

Washegari muka nufi kwanar da suke kira Kofaton Doki, kimanin kilomita 8 yamma da gari. An buɗe ta a 1854, kuma dalilin yin ta shi ne jirgi ba ya iya hawan tsaunukan Alegeni kai tsaye, sai aka lanƙwasa layin ya zagaye kwari yana hawa a hankali, har idan jirgi mai tsawo ya shigo kana iya ganin kansa a hannun dama, wutsiyarsa a hannun hagu. Matakala 194 ake takawa kafin a kai wurin kallo, na kuma ƙirga su da gwiwoyina. A sama muka tarar da mutane sun baje kujerun naɗewa, da kyamarori, da ƙananan rediyo da suke sauraron maganar direbobi da su, yawancinsu dattawa, kowa ido a kan waya, domin labari ya zo cewa ɗaya daga cikin kawunan jirgi masu tsohon fenti yana hanya.

Wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin jirgi ne ya matsa mana a bencinsa, ya zuba mana kofi daga fulas ɗinsa, ya kuma warware mini zancen. Layin yanzu na kamfanin Norfolk Southern ne, wanda aka kafa a 1982, kuma kawunan jirginsa baƙaƙe ne da hoton farin doki a goshi. A 2012, da ya cika shekara 30, sai ya ware kawuna 20 ya yi wa kowanne fentin ɗaya daga cikin tsofaffin kamfanonin da suka narke a cikinsa, da sunan da tambarin, aka jera su gaba ɗaya a gidan tarihin sufuri na garin Sifensa da ke Karolina ta Arewa a watan Yulin shekarar, daga nan aka sake su suka shiga jan kaya kamar sauran. Wani kamfanin jirgi mai suna Union Pacific ya riga shi da kawuna shida a 2005 da 2006, har ya sa lambar kowanne ta zama shekara, kamar 1996 na Southern Pacific, wato shekarar da ya haɗiye shi.

Ban ɓoye wa dattijon ra'ayina ba. Na ce wannan ai kamar mutum ne ya cinye gonar maƙwabcinsa sannan ya sa rigar mamacin ranar sallah, kuma talla ce mai araha, tunda injin da ke ciki ɗaya ne, gwangwanin fenti kawai aka canja. Ya yi dariya ya ce bai musa ba. Amma ya ce mahaifinsa kamfanin Pennsylvania Railroad ya yi wa aiki, a 1968 aka haɗe kamfanin da abokin gabarsa New York Central suka zama Penn Central, a 1970 wannan ya karye, karyewar da ba a taɓa ganin irinta ba a Amurka a lokacin, a 1976 gwamnati ta tattara ragowar ta kafa Conrail inda shi ya yi aiki, a 1999 kuma aka raba Conrail tsakanin Norfolk Southern da wani kamfani mai suna CSX. Layi ɗaya, suna huɗu, a idon iyali guda. Abin da ya ba ni mamaki shi ne har Penn Central ɗin da ya jefa mutane cikin wahala an yi masa nasa kan, mai lamba 1073, kuma dattijon ya ce idan ya gan shi kawar da kai yake yi.

Jiragen kaya suka yi ta wucewa, baƙi bayan baƙi, ƙafafunsu na kuka a kan kwangiri har sai ka toshe kunne, wasu da ƙarin kawuna a baya suna tura su hawan. Sai bayan la'asar aka ji wani ya ɗaga murya, kowa ya miƙe. Mai lamba 8102 ne, na Pennsylvania, ja mai duhu kamar zoɓon da ya jiƙu sosai, da siraran layuka biyar masu ruwan zinariya a jikinsa. Sai dai ba shi ne a gaba ba, yana bayan wani baƙi, ga ƙura ta dusashe shi, masu kyamarori suka yi ta tsaki. Dattijon kuwa ya bi shi da ido har ya sha kwana, sannan ya juyo ya ce mini a zamanin mahaifinsa wannan jan na jiragen fasinja ne, masu jan kaya kore ne mai duhu kamar baƙi. Ya yini yana jira, ƙorafi ne ya fara fita daga bakinsa, amma na lura hannunsa na rawa lokacin da yake rufe fulas.

Ni ma na yi shiru, domin tunanina ya koma Zariya. Jirgi ya iso Kano tun 1911, ya kwashi gyaɗa da fatu da auduga shekara da shekaru, amma tsofaffin taragun da na sani ina yaro ciyawa ce ta cinye wasu, wasu kuma suka ƙare a hannun 'yan gwangwan. Mu da muke da masu zanen manyan motoci da za su iya ƙawata kan jirgi cikin mako guda, ban taɓa jin wanda ya kawo shawarar ba.

Dattijon ya hana mu kiran tasi, ya kai mu garin Galitzin a motarsa muka ga bakin ramin da jirgi ke ratsa dutse ta ciki, ya ƙi karɓar kuɗin mai. Abinci a can tsada, ga ba yaji. Washegari muka wuce birnin Fitsbag, ruwa ya yini yana zuba, ban ga komai ba sai gadoji. Hoton da ɗan yayata ya ɗauka na 8102 ya fito da kan wani mutum ya tare rabinsa, shi nake nuna wa masu zuwa barka.